Antoine de Saint-Exupéry: matuƙin da ya sha faɗuwa da jirgi kafin ya rubuta Le Petit Prince

Da yawa cikin waɗanda suka yi karatu a makarantun da ake koyarwa da Faransanci, a Zinder ne ko Garwa ko Njamena, sun ci karo da littafin Le Petit Prince, wato ɗan ƙaramin yarima, ko da shafi ɗaya ne a darasin karatu ko na shifta. Labari ne na wani matuƙin jirgin sama da jirginsa ya lalace a tsakiyar Sahara, ya haɗu da wani yaro da ya fito daga wata ƴar mitsitsiyar duniya. Wanda ya rubuta littafin, Antoine de Saint-Exupéry, shi ma matuƙi ne, kuma ya taɓa faɗuwa a hamada har ƙishirwa ta kusa kashe shi. A cikin shekara 23 da ya yi yana tuƙi, ya yi manyan haɗurra biyar kafin tashinsa na ƙarshe. Dukkansu dab da ƙasa ko dab da ruwa suka faru: wajen tashi, wajen sauka, ko lokacin da ya sauko ƙasa-ƙasa cikin duhu. Kuma a kowannensu akwai hannunsa a ciki.

Maraya ɗan babban gida

An haife shi ranar 29 ga watan Yuni na 1900 a birnin Lyon na ƙasar Faransa, a gidan masu asalin sarauta waɗanda dukiyarsu ta riga ta ja baya. Shi ne na uku cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa ya rasu a 1904, yaron bai ko cika shekara huɗu ba. Mahaifiyarsa Marie ta rene su a gidajen dangi, musamman a wani babban gida na wata dattijuwa cikin danginta, a ƙauyen Saint-Maurice-de-Rémens.

Kilomita kaɗan daga wannan gida akwai filin jirgin sama na Ambérieu. Yaron yakan hau kekensa ya je ya tsaya a kan makanikai yana yi masu tambayoyi. A 1912 ya shawo kan wani matuƙi ya ɗaga shi sama, bayan ya ce masa mahaifiyarsa ta amince, alhali ba ta amince ba. Wannan ne karo na farko da ya ga ƙasa daga sama.

A makaranta ba ya cikin na gaba-gaba. Ƙanensa François, wanda ya fi shaƙuwa da shi, ya rasu a 1917 yana ɗan shekara 15. Antoine ya nemi shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa, ya faɗi jarrabawa. Ya ɗan taɓa karatun zanen gine-gine a Paris, bai kai ko'ina ba. A 1921 aka kira shi aikin soja, aka tura shi rundunar sama da ke Strasbourg a matsayin ma'aikacin ƙasa. Da kuɗin mahaifiyarsa ya biya wani malami ya koya masa tuƙi. Daga nan aka aika shi Kasablanka a ƙasar Maroko, kuma kafin ƙarshen shekarar ya sami takardar shaidar matuƙin soja.

Haɗarinsa na farko ya zo a 1923 a filin Le Bourget kusa da Paris. Ya ɗauki wani jirgi da ba a ba shi izinin tuƙa irinsa ba, ya tashi, bai yi nisa ba ya faɗo, ƙashin kansa ya tsage. A lokacin yana neman auren Louise de Vilmorin, wadda daga baya ita ma ta zama marubuciya. Danginta suka ce ba za su ba da ƴarsu ga mai irin wannan sana'a ba. Ya bar soja don su, amma duk da haka auren bai yiwu ba. Ya yi aikin ofis a wani kamfanin kayan rufin gida, ya kuma yi tallar manyan motoci na kamfanin Saurer a ƙauyukan tsakiyar Faransa, ba tare da wani cinikin kirki ba.

Jirgin wasiƙu da makarantar Daurat

A 1926 rayuwarsa ta kama hanya. A watan Afrilu wata mujalla ta buga gajeren labarinsa na farko, L'Aviateur. A watan Oktoba kamfanin Latécoère na birnin Toulouse ya ɗauke shi aiki. Kamfanin, wanda daga baya aka sani da Aéropostale, yana jigilar wasiƙu daga Faransa ta Sifaniya da Maroko har zuwa Dakar. Shugaban matuƙa, Didier Daurat, mutum ne mai tsanani. Kowane sabon shiga sai ya fara da kwance inji da wanke shi kafin ya taɓa sandar tuƙi. A nan Saint-Exupéry ya ƙulla abota da Jean Mermoz da Henri Guillaumet.

Jiragen kamfanin, ƙirar Breguet 14, ragowar Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Ba su da rufi, ba su da rediyo, injinsu kuma yakan mutu ba sallama. Matuƙi da idonsa yake gane hanya: gaɓar teku, kogi, titin jirgin ƙasa, hasumiyar coci. Saboda haka dokar kamfanin ta hana tafiya a saman gajimare a yankin duwatsun Sifaniya. Dalilin a fili yake. Wanda ya hau saman gajimare dole wata sa'a ya sauko, kuma in ya ratsa gajimaren bai san abin da ke ƙarƙashi ba, yana iya fitowa a kan dutse. An koya wa matuƙan su bi ta ƙarƙashi, suna ganin ƙasa, ko da hakan zai sa su ratsa kwazazzabai cikin ruwan sama. Saint-Exupéry ya san wannan doka sarai, har ya yi bayaninta a rubuce-rubucensa.

A watan Oktoba na 1927 aka naɗa shi shugaban tashar Cap Juby, garin da yanzu ake kira Tarfaya a kudancin Maroko, wanda a lokacin yake hannun Sifaniya. Wata bukkar katako ce a jikin ganuwar barikin soja, teku a gefe ɗaya, rairayi a ɗaya gefen. Ya yi fiye da shekara ɗaya a can. Aikinsa shi ne karɓar jiragen wasiƙu, da zaman lafiya da hafsoshin Sifaniya, da neman matuƙan da suka faɗi a yankunan ƙabilun Sahara da ba su miƙa wuya ga Turawa ba. Waɗannan ƙabilu sukan kama matuƙi su nemi fansa, wani lokaci kuma su kashe shi. A 1928 abokan aikinsa biyu, Reine da Serre, suka bugi tudun rairayi da dare cikin hazo, aka kama su, suka yi kusan wata huɗu a tsare, shi kuma yana cikin masu faɗi-tashin nemansu. Ya sha sauka a wuraren da ba titi don ɗauko mutum ko ceto jirgi, abin da ya sa gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a 1930. A wannan bukka ya riƙa kiwon yanyawa, kuma a cikinta ya rubuta littafinsa na farko, Courrier Sud, wanda ya fito a 1929.

A ƙarshen 1929 kamfanin ya tura shi Buenos Aires ya shugabanci reshensa na Ajantina. Ya buɗe hanyar wasiƙu zuwa Patagoniya, yankin da iska kan yi ƙarfin da za ta tsayar da jirgi a sama. A watan Yuni na 1930 Guillaumet ya faɗi a tsaunukan Andes cikin ƙanƙara. Saint-Exupéry ya yi kwanaki yana shawagi tsakanin duwatsu yana nemansa, har Guillaumet ya fito da ƙafarsa bayan tafiyar kwana biyar. A Ajantina ya haɗu da Consuelo Suncín, ƴar ƙasar Salbado, suka yi aure a 1931. A wannan shekarar littafinsa Vol de nuit, a kan jigilar wasiƙu da dare, ya ci kyautar Femina. Sunansa ya fito a duniyar adabi daidai lokacin da kamfanin Aéropostale ke durƙushewa saboda bashi.

Abokan aikinsa sun yarda yana da ƙarfin hali, amma sun san shi da shagala. Yakan shiga jirgi da littafi da ɗan kundin rubutu, hankalinsa ya tafi wani wuri. A 1933 ya zama mai gwajin jiragen da ke sauka a kan ruwa. A watan Disamba na shekarar, a gaɓar Saint-Raphaël, ya sauko da jirgi ba daidai ba, hancinsa ya caki ruwa ya kife. Da ƙyar aka fito da shi bai nutse ba, aikin gwajin kuma ya ƙare daga nan.

Daren 30 ga Disamba, 1935

A ƙarshen 1935 bashi ya yi masa katutu. Gwamnatin Faransa ta sa kyautar faran 150,000 ga duk wanda ya karya tarihin gudu tsakanin Paris da Saigon, a ƙasar Biyetnam ta yau, kafin shekara ta ƙare. Wani matuƙi, André Japy, shi ke riƙe da tarihin. Saint-Exupéry yana da jirginsa na kansa, ƙirar Caudron Simoun, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da gudu sosai. Ya yi shiri cikin gaggawa. Don ya rage nauyi ya ƙara mai, bai ɗauki rediyo ba. Da safiyar 29 ga Disamba ya tashi daga Le Bourget tare da makanikinsa André Prévot.

Sun tsaya a Marseille, suka tsallake Bahar Rum zuwa Tunis, sannan Bingazi a ƙasar Libiya. Daga can suka tashi da dare za su Alƙahira, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a kan hamada. Jinjirin wata ya riga ya faɗi. A ƙasa ba gari, ba fitila. Abin da ya rage wa matuƙin shi ne kamfas da agogo da lissafi: gudun jirgi kaza, awa kaza, to an kai wuri kaza. Wannan lissafi yana tsayuwa ne a kan sanin iska. Masu hasashen yanayi sun gaya masa iska za ta riƙa tura shi daga baya. A sama kuwa iskar ta juya tana tare shi daga gaba, ba shi da rediyon da zai ji gyara, kuma ya shiga gajimare mai kauri da ya rufe taurari.

Bayan fiye da awa 4 da barin Bingazi, lissafinsa ya nuna masa ya kai Kogin Nilu ko ma ya wuce shi. Gaskiyar kuwa yana can baya, a kan tudun hamada da ke yamma da kogin. Sai ya fara saukowa don ya fita daga gajimaren ya nemi fitilun birni ko na gaɓar teku. Wannan shi ne ainihin abin da dokar Daurat ta hana.

Na'urar auna tsayi ta jirgin da nauyin iska take aiki. Tana faɗin tsayin jirgi daga saman teku, ba ruwanta da abin da ke ƙarƙashinsa. In ta nuna mita 400 alhali tudun da ke gaba ya kai mita 300, tazarar da ta rage mita 100 ce kawai. Ga wanda ya ɗauka yana kan kwarin Nilu ko kan teku, mita 400 fili ne mai yawa. Jirgin kuma yana gudun kilomita 270 a awa, wato mita 75 a kowace daƙiƙa. A irin wannan gudu, cikin irin wannan duhu, ko da matuƙi ya hango ƙasa, hannunsa ba zai riga ta ba.

Da misalin ƙarfe 2:45 na dare, bayan fiye da awa 19 da barin Paris, jirgin ya bugi ƙasa. Abin da ya cece su shi ne bai caki ƙasar da hanci ba. Ya shafe ta ne a kwance, a kan wani shimfiɗaɗɗen tudu mai baƙar tsakuwa mulmulalliya, ya yi ta ja da ciki har ya tsaya. Wuta ba ta tashi ba. Su biyun suka fito da ƴan ƙujewa kawai.

Sai dai tankin ruwansu ya fashe, rairayi ya shanye. Abin da ya rage masu bai wuce ragowar kofi a cikin gora ba, da ɗan ruwan inabi, da ƴaƴan inabi, da lemo. Ba su san inda suke ba, masu nemansu ma ba su sani ba. Da rana suka riƙa tafiya suna dawowa wurin jirgin, da dare suka cinna wa tarkacensa wuta ko wani zai hango. Sun shimfiɗa ƙyallen laimar sauka don tara raɓa, suka matse a cikin tankin mai, amma ruwan ya gurɓace, ya sa su amai. Kawalwalniya ta riƙa nuna masu tafki da ayari. Saint-Exupéry ya bi sawun yanyawa a kan rairayi yana duba abin da take ci. Daga bisani suka bar jirgin suka miƙe gabas maso arewa, har gumi da yawu suka ƙafe masu.

A rana ta huɗu wani Balarabe makiyayi mai raƙumi ya gan su. Ya ba su ruwa, aka ɗora su a kan raƙumi, aka kai su gidan wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan da ke aiki a ma'aikatar kanwa ta Wadi Natrun, a ƙasar Masar. Ranar 2 ga Janairu na 1936 suka isa Alƙahira. Kyautar ta wuce shi, jirgin ya hallaka. Ya rubuta labarin a jerin rahotanni ga jaridar L'Intransigeant, bai kuma ɓoye yadda lissafinsa ya ɓace ba.

Guwatemala

Bai daina ba. Ya je Sifaniya a matsayin ɗan jarida lokacin yaƙin basasarta, a 1936 da 1937. A watan Disamba na 1936 amininsa Mermoz ya ɓace a tekun Atlantika bayan ya tashi daga Dakar. A 1937 Saint-Exupéry ya sami sabon Simoun, ya ratsa Sahara da shi yana binciken hanyar jirgi daga Kasablanka zuwa Tumbutu, ya dawo lafiya.

A watan Fabrairu na 1938 shi da Prévot suka ɗauki wata doguwar tafiya, daga New York zuwa ƙarshen kudancin nahiyar Amurka. Suka sauka shan mai a babban birnin Guwatemala. Filin jirgin birnin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, inji yakan rage ƙarfi, fukafukai kuma suna bukatar gudu mai yawa da titi mai tsawo kafin su ɗaga jirgi. Matuƙi mai lura yakan rage mai a irin wannan fili. An cika tankunan Simoun fiye da kima, shi kuma ya tashi bai daidaita nauyin da tsawon titin ba. Jirgin ya cinye titin duka, ya ɗan ɗaga, ya faɗo ya ragargaje.

Wannan shi ne haɗarin da ya fi yi masa illa. Ya yi kwanaki a sume, da karaya a muƙamuƙi da hannu da wasu wurare. Likitoci sun so yanke masa hannu, ya ƙi. Kafaɗarsa ta hagu ba ta sake sakewa ba har ƙarshen ransa. Prévot ma ya karye. A lokacin jinya a New York ya harhaɗa littafin Terre des hommes, wanda ya fito a 1939, ya ci babbar kyautar Académie française, fassararsa ta Turanci kuma ta ci kyautar littafi ta ƙasa a Amurka. Babi mafi tsawo a cikinsa labarin faɗuwar hamada ne, kuma ya rufe shi da godiya ga mai raƙumin nan da bai ambaci sunansa ba.

Yaƙi da gudun hijira

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, likitocin soja suka ce jikinsa bai dace da fagen fama ba. Ya yi ta kamun ƙafa har aka sa shi a rukunin leƙen asiri mai lamba 2/33, masu ɗaukar hoton sansanonin abokan gaba daga sama. A watan Mayu na 1940, lokacin da sojojin Jamus suka kutsa Faransa, rukunin ya rasa ayari 17 cikin 23 a ƴan makonni. Ranar 23 ga Mayu ya yi shawagi ƙasa-ƙasa a kan birnin Arras, harsasai suka huda jirginsa, ya dawo da ransa. Bayan faɗuwar Faransa ya nufi Amurka, ya isa New York a ranar ƙarshe ta 1940. Kafin ya hau jirgin ruwa ya sami labarin an harbo Guillaumet a kan Bahar Rum.

Ya yi fiye da shekara biyu a Amurka cikin ƙunci. Ba ya jin Turanci, jikinsa na ciwo, Faransawan da ke gudun hijira kuma sun rabu tsakanin magoya bayan Janar de Gaulle da na gwamnatin Vichy. Ya ƙi shiga kowane ɓangare, sai ya sha suka daga ko'ina. A 1942 ya fitar da Pilote de guerre a kan shawagin Arras, aka haramta littafin a Faransa. A watan Afrilu na 1943 Le Petit Prince ya fito a New York da Turanci da Faransanci, da zane-zanen da ya yi da hannunsa. Ya sadaukar da shi ga abokinsa Léon Werth, Bayahude da ke ɓoye a Faransa a lokacin. Wanda ya san tarihinsa zai gane kayan da aka gina littafin da su: matuƙi shi kaɗai a hamada, ruwan sha na ƙarewa, neman rijiya, da dabbar nan mai dogayen kunnuwa irin na yanyawar Cap Juby.

Tashi na ƙarshe

A wannan watan ya koma Afirka ta Arewa wajen tsohon rukuninsa. Yanzu suna tuƙa Lockheed P-38 Lightning na Amurka, jirgi mai inji biyu da ke hawa kusan mita 10,000. Shekarunsa sun wuce ƙa'idar da aka sa wa matuƙan irin wannan jirgi, kuma saboda tsofaffin raunukansa sai an taimaka masa yake iya sa kayan tuƙi. Ranar 1 ga Agusta na 1943, a fitarsa ta biyu, inji ya ba shi matsala ya juyo. Wajen sauka a La Marsa kusa da Tunis ya taɓa ƙasa a makare, ya zarce ƙarshen titi, jirgin ya lalace. Amurkawa suka hana shi tuƙi. Ya yi wajen wata takwas a birnin Aljiyas yana roƙo, har aka yarda ya yi fita biyar kawai. Ya wuce biyar ɗin.

Da safiyar 31 ga Yuli na 1944 ya tashi daga filin Borgo a tsibirin Kosika, shi kaɗai, a jirgin da ba shi da bindiga sai na'urorin hoto. An aike shi ɗaukar hoton yankin Grenoble da Annecy, cikin shirin saukar sojojin ƙawance a kudancin Faransa da aka yi ranar 15 ga Agusta. Bai dawo ba. Yana da shekara 44.

Shekara 54 ba a ji ɗuriyarsa ba. A watan Satumba na 1998 wani masunci na Marseille ya jawo warwaron azurfa a cikin komarsa, ɗauke da sunansa da na Consuelo. A 2000 wani gwanin nutso ya gano tarkacen jirgi kusa da tsibirin Riou. An fito da su a 2003, a 2004 kuma lambar da ke jikin ƙarfen ta tabbatar jirginsa ne. A 2008 wani tsohon matuƙin sojan Jamus ya yi iƙirarin shi ya harbo shi, amma ba a sami takardar da ta gaskata shi ba, kuma masu binciken tarkacen ba su yanke hukunci a kan sanadin faɗuwar ba.

Abin da haɗurransa suka nuna

Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma haɗurran Saint-Exupéry biyar kowanne yana da sanadin da za a iya nunawa da yatsa: jirgin da bai saba da shi ba, sauka ba daidai ba, saukowa cikin gajimare ba tare da sanin wuri ba, nauyin da ya fi ƙarfin titi. A can sama matuƙi yana da lokacin da zai gane kuskurensa ya gyara. Dab da ƙasa lokacin daƙiƙa ɗaya ne ko biyu. Shi kansa ya san haka, domin cikin ƙirƙire-ƙirƙire wajen goma da ya yi wa rajista har da na'urar taimaka wa jirgi sauka idan ba a ganin ƙasa.

Irin haɗarin da ya yi a 1935, lafiyayyen jirgi ya bugi ƙasa matuƙinsa bai ankara ba, ya ci gaba da cin rayuka bayansa. Tun tsakiyar shekarun 1970 aka fara tilasta wa manyan jiragen fasinja ɗaukar na'urar da ke yin ƙara idan ƙasa ta matso, abin da ya rage irin wannan haɗari ƙwarai. Ƙananan jirage da yawa ba su da ita, kuma a yankin Sahel hazo da ƙura sukan shafe iyakar sama da ƙasa kamar yadda gajimare ya yi masa. Ranar 14 ga Janairu na 1986, lokacin tseren Paris-Dakar, wani jirgi mai saukar ungulu da ke tafiya ƙasa-ƙasa bayan faɗuwar rana, cikin iska mai ƙura, ya bugi ƙasa kusa da Gourma-Rharous a Mali. Mutum biyar suka mutu, har da mai shirya tseren Thierry Sabine, wanda aka watsa tokarsa a hamadar Tenere ta Nijar, da mawaƙi Daniel Balavoine.

Saint-Exupéry bai ga fitowar Le Petit Prince a ƙasarsa ba, sai a 1946 aka buga shi a Faransa. Yanzu an fassara shi zuwa ɗaruruwan harsuna. Hotonsa ya hau takardar faran 50 ta Faransa kafin zuwan yuro, filin jirgin saman Lyon ya ɗauki sunansa a 2000, a Tarfaya kuma akwai ɗan gidan tarihi da ke tunawa da shi da abokan aikinsa na jigilar wasiƙu. Ba a gano gawarsa ba. Ragowar jirginsa da aka tsamo daga teku an miƙa su ga gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, filin da ya yi haɗarinsa na farko a 1923, inda kuma ya tashi zuwa Saigon a 1935.